Ina aiki ta intanet, ina so in kwashe iyalina mu koma Tanja

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, shekarata 33, da mata ɗaya da 'ya 'yar shekara biyu. Daga gida nake yi wa wani kamfanin Ingila aikin manhaja, ana biyana dala 1,600 a wata. Wuta da netwok sun kai ni bango. Ana tsakiyar mitin sai a ɗauke wuta, kafin in tada janareto an wuce wurin, har shugabana ya fara yi mini magana. Wani abokina ɗan Maraɗi da ke zaune a Tanja ta ƙasar Maroko ya ce in taho kawai: wuta ba ta yankewa, intanet ba ya gardama, ga teku a bakin ƙofa, kuma shi ko biza bai nema ba. Na kalli bidiyon Turawa da yawa da ke aiki daga can, duk yabon garin suke yi. Na yanke shawarar sayar da filina in kwashi iyali mu tafi gaba ɗaya. Maiɗakina ba ta so, Baba kuma ya ce in dakata in yi tunani. Ni kuwa gani nake dama ce za ta wuce ni. Ku ba ni shawara.

Daga wani mai karatu, Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayar da filin nan. Tanja gari ne da ake iya zama a yi aiki lafiya, abokinka bai yi maka ƙarya ba kan wuta da intanet. Sai dai shawarar da ka tara, ta abokin da ta bidiyon, duk ta masu wani fasfo ce daban da naka, kuma a wannan tafiya fasfo ne ke yanke kusan komai.

Ɗan Nijar yana shiga Maroko ba biza, ya zauna har kwana 90. Ɗan Najeriya sai da biza. Akwai biza ta intanet da Maroko ta buɗe a 2022, amma ga mai fasfon Najeriya sai in yana riƙe da biza ko takardar zama mai aiki ta irin su ƙasashen Schengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya), Amurka ko Birtaniya, kuma zaman kwana 30 take bayarwa, shiga ɗaya. In ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan, ofishin jakadancin Maroko a Abuja za ka nufa da takardar aikinka, bayanan asusun banki, tikitin zuwa da dawowa da shaidar masauki. Kwanakin da aka rubuta a jikin bizar su ne naka, ba 90 ɗin da ka ji a bakin abokinka ba. Ka karanta da idonka kafin ka bar wurin.

Su Turawan bidiyo akwai dabarar da suke yi. Kwana 90 na cika sai su hau jirgin ruwa su tsallaka Sifaniya, wadda tazarar ruwan da ke tsakaninta da Maroko kilomita 14 ce a inda ya fi ƙunci, su kwana biyu su dawo a sake buga musu hatimi. Wannan ƙofa a rufe take gare ka, a rufe take ga abokinka ma. Sifaniya sai da bizar Schengen, haka garuruwan Sabta da Malila da ke manne da ƙasar Maroko amma suke hannun Sifaniya. Iyakar Aljeriya ta ƙasa kuwa tun 1994 take a garƙame. Kai fitarka ɗaya ce: tikitin jirgin sama zuwa gida, da sabuwar biza daga farko. Ka lissafa wannan sau uku, kai da maiɗakinka da yarinya.

Maroko ba ta da wata biza ta musamman don masu aiki ta intanet. Wanda zai wuce wata uku katin zama yake nema, wanda kowa a can ke kira carte de séjour, a sashen baƙi na hedikwatar 'yan sandan garin da yake zaune, kuma tun kwanakinsa ba su ƙare ba. Rukunin da ya fi kusa da irin halinka shi ne na mai ziyara: ka nuna kana da abin da zai riƙe ka daga waje, ka kuma yi alƙawarin ba za ka kama aikin da ke bukatar izini a cikin ƙasar ba. Za a nemi kwafin fasfo har da shafin hatimin shiga, hotuna, yarjejeniyar haya da hukuma ta buga wa hatimi, takardar likita, shaidar kuɗi a banki, da takardar 'yan sandan ƙasarku mai nuna ba ka da laifi. A kan ta ƙarshen nan mutane suka fi faɗuwa, domin a gida ake yin ta. Ka karɓe ta tun kana Najeriya, a tantance ta a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin, in ka isa kuma mai fassara mai rantsuwa ya mayar da ita Faransanci ko Larabci. Haka takardar aure da ta haihuwar yarinya. In aurenku na masallaci ne ba a rubuce ba, ka je kotu a yi muku takarda tun yanzu. Kuma kada ka yi gaggawar karɓar ta 'yan sandan, ana son sabuwa, wadda ba ta wuce 'yan watanni ba. Abu na ƙarshe a nan: wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ba ya samun sauƙin juya ta zuwa katin zama. In zama kake nufi, ka faɗa wa ofishin jakadancin tun a Abuja, ka nemi biza ta dogon zango. Wanda ya bari kwanakinsa suka wuce kuwa ba a filin jirgi yake biyan tara ya wuce ba. Sai an bi ta wajen 'yan sanda, sau da yawa har gaban alƙali, kafin a bar shi ya fita.

Akwai maganar da bidiyon ba za su taɓa yi maka ba saboda ba ta shafe su. Tanja mashigar Turai ce, kuma shekara da shekaru 'yan Afirka ta Yamma ke taruwa a can suna jiran tsallakawa. Saboda haka jami'an tsaro kan yi samame a wasu unguwanni, musamman na gefen gari irin su Bukhalef da Masnana, kuma an sha kwasar mutane a bas a kai su kudancin ƙasar. Baƙar fata a Tanja ya fi saurin jin “ina takardunka?” fiye da a Rabat. Mai takarda cikakkiya ana dubawa a sallame shi, amma sai takardar tana jikinsa a lokacin. Kada ka fita ko sayen burodi ba tare da fasfo ko katin zama ba, maiɗakinka ma haka. Wasu masu gidaje kuma za su ce maka an riga an kama ɗakin da zarar sun gan ka. Ba kowa ba ne, kuma sallama da 'yar Larabci da ganin mutum da iyalinsa suna sassauta abubuwa da dama, amma gara ka sani tun daga gida. In wannan zai dame ka, Rabat ma a bakin teku take, ofishin jakadancin Najeriya yana can, ga ɗalibai da ma'aikata baƙar fata da ido ya saba da su. Haya ta fi tsada, hankali ya fi kwanciya.

Kafin duk wannan, kamfaninka ya sani? Ka ce shugabanka ya fara magana kan yankewar mitin. Zai fi yin magana in sashen tsaronsu ya ga kwamfutarka ta bayyana a wata ƙasa ba sanarwa. Kamfanoni da yawa suna rufe asusun ma'aikaci kai tsaye in hakan ta faru, wasu kuma yarjejeniyarsu ta ƙayyade ƙasar da za a yi aikin saboda haraji da sirrin bayanan abokan hulɗa. Ka nemi izini a rubuce, da kwanan wata. Kada ka ɓoye da VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake. Ranar da ya katse na minti ɗaya asiri ya tonu, kuma laifin ɓoyewa ya fi na tafiyar girma. Batun haraji kuma, wanda ya kwana 183 a Maroko cikin kwana 365 ya zama mazaunin ƙasar a idon hukumar harajinsu, tana iya bin sa kan abin da yake samu ko daga ina ya fito, kuma matakin sama na harajin kuɗin shiga ya kai kashi 37 cikin ɗari. Najeriya ma ba ta sake ka don ka hau jirgi ba, muddin gidanka da danginka suna nan. Kafin ka cika wata shida ka zauna da akanta a can, ka biya shi kuɗin awa ɗaya.

Sai kuɗi. Dirhami, kuɗin Maroko, ba kuɗin da ake fita da shi ba ne. Doka ba ta yarda a shiga ko a fita da fiye da 2,000 ba, kuma mayar da shi dala sai da rasidin canjin da ka yi tun farko. Ma'ana kada ka zuba duk albashinka cikin dirhami. Ka bar shi a asusunka na dala, ka riƙa canza na wata-wata. In ka buɗe asusu a can, ka nemi na baƙi wanda ake kira na dirhami mai canzuwa, shi ne kuɗin waje ke shiga kuma su iya komawa. Na'urorin cire kuɗi da yawa dirhami 2,000 suke bayarwa a cira ɗaya, kowace cira da cajinta, ga na bankinka a gida. In na'urar ta tambaye ka ko ta yi maka canjin da kanta, ka ce a'a, farashinta ya fi muni. Katin naira kada ka dogara da shi, iyakar da bankuna ke sa masa a waje tana sauyawa ba sanarwa. Ka tafi da kati biyu na bankuna daban-daban da 'yan daloli a hannu. Layinka na Najeriya kuma, wanda lambobin sirri na banki ke shigowa ta kansa, ka buɗe masa romin tun kana gida, ka gwada, ka riƙa sa masa kati don kada a rufe shi. Mutum na iya zama da dubban daloli a asusu ya kasa biyan haya saboda saƙon lamba shida bai iso ba.

Ga ƙiyasin da za ka yi lissafi da shi, dala ɗaya tana tsakanin dirhami 9 da 10. Gida mai ɗaki biyu da kaya a ciki, a unguwa mai kyau kusa da tsakiyar gari, ka ware 5,000 zuwa 6,500. Malabata da bakin teku sun fi haka. Ruwa da wuta 300 zuwa 500, ya ƙaru da sanyi. Intanet na gida da na waya kamar 600. Abinci na mutum uku 3,000 in a gida ake girki kuma a kasuwa ake saye. Tasi da ƙananan hidimomi 700. Inshorar lafiya daban, kuma dole ce, domin asibitocin kuɗi suna neman a ajiye wani abu kafin a kwantar da mutum. Ka ga an doshi dirhami 11,000, wato wajen dala 1,200 cikin 1,600 ɗinka, ba a sa tikitin zuwa gida ba, ba a sa abin da kake aika wa su Baba ba. A Kano albashin nan na manya ne. A Tanja na rufin asiri ne.

Wajen kama gida a nan ake yin kuskure mai tsada. Watan Yuli da Agusta 'yan Maroko mazauna Turai suna dawowa hutu, garin ya cika, hayar gida mai kaya ta ninka, har a koma lissafin kwana. Shi ya sa masu gida da yawa ke ba da haya daga Satumba zuwa Yuni kawai, ba sa faɗa sai lokacin ya matso. Ka sa a rubuta wata goma sha biyu a takarda, da farashi ɗaya. Dillali, wanda suke kira samsar, ya saba karɓar kuɗin wata guda. Kuɗin ajiya kuma doka ta ce kada ya wuce na wata ɗaya. Ku je da mai gidan ofishin unguwa, muƙaɗa'a, a buga wa sa hannunku hatimi. Mai gidan da ya ce “ba sai mun je ba, ai mu 'yan'uwa ne” haraji yake gudu, kai kuma ba katin zama sai da wannan hatimin. Ka bar masa gidansa.

In ka shiga duba gida, kada tagar da ke kallon teku ta ɗauke maka hankali. Ja kabad ɗin kaya daga bango ka leƙa bayansa. Ka duba kusurwar silin ta banɗaki da ƙasan tagogi. In ka ga baƙin tabo, ko sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ko ka ji warin laima, gidan yana funfuna da sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ake yi a Tanja, dare yana sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumamawa ba. Ba irin sanyin hunturunmu ba ne mai bushewa. Wannan jiƙaƙƙe ne, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, yaro ƙarami ya kama tari. Ka zaɓi gidan da rana ke shiga, mai fuskantar kudu, ka sayi na'urar tsotse laima. Sannan ka tambayi inda hitar ruwan wanka take. Yawanci da tukunyar gas take aiki, kuma duk shekara ana rasa rayuka a Maroko saboda hayaƙinta marar wari a banɗakin da ba iska. In a cikin banɗaki aka kafa ta, ko ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, kada ka kwana a gidan da iyalinka sai an gyara. Ƙaramar na'urar ƙararrawa mai jin wannan hayaƙi ba ta da tsada, ka saya ranar farko.

Intanet ɗin da ya kai ka can shi ma a gidan za ka tantance shi, ba a bakin dillali ba. Kamfanoni uku ne: Maroc Telecom, Orange da inwi. “Akwai wifi” ba amsa ba ce. Ka ce a nuna maka akwatin, ka ga ko siririyar wayar faiba ce ta shigo ko tsohon layin tarho ne, domin na biyun yana iya saukar da bidiyo amma ya gaza wajen turawa, kuma mitin da tura aiki ƙarfin tura bayanai suke ci. Ka gwada gudun da kwamfutarka, ka sake gwadawa da misalin tara na dare lokacin da kowa ya dawo gida. Jawo sabon layi da sunanka yana bukatar takardu, yawanci da alƙawarin shekara guda, don haka gidan da faiba ke ciki da sunan mai gida ya fi maka. Tsoffin gidajen cikin ganuwa suna da kyau a hoto, amma kaurin bangonsu yana kashe sigina, ga matakala da za ta wahalar da mai goyo. Ka sayi layukan waya biyu na kamfanoni daban da fasfonka. In za ka sa kati don data, ka ƙara *3 a bayan lambar katin, in ba haka ba kuɗin ya tafi kira. Dirhami 10 na ba da kimanin giga ɗaya. Soket ɗinsu mai rami biyu zagaye ne irin na Faransa, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ka taho da adafta. Gidajen shayi kuwa na hira ne da kallon ƙwallo da hayaƙin taba, ba wurin mitin ba ne.

Agogo ba zai ba ka wahala da Ingila ba, domin bambancin agogon Maroko da na Kano bai wuce awa ɗaya ba. A 2018 Maroko ta tsaya kan lokaci ɗaya da namu, amma in azumi ya zo sai a mayar da agogo baya da awa guda, wayoyi kuma su rikice, wasu su canza da kansu a ranar da ba ita ba. A makon da aka taɓa agogo ka riƙa duba lokacin mitin da agogon Landan. Juma'a ranar aiki ce a can, hutu Asabar da Lahadi.

Yanzu maiɗakinka. Ka lura kai za ka tafi da aikinka da abokan aikinka a cikin kwamfuta, ranarka ba za ta canza ba. Ita za ta bar uwa da 'yan'uwa da maƙwabta da biki da suna, ta zauna a bene da yarinya, a garin da ake Darija da Faransanci da ɗan Sifaniyanci, Turanci sai ga matasa jefi-jefi. Larabcin Islamiyya zai taimaka mata a fahimce ta, amma amsar da za a mayar mata ba za ta gane ba sai an ɗau watanni. Ƙin da take yi lissafi ne, ba tsoro kawai ba. Akwai abin da zai yi mata daɗi: Malikiyya suke bi kamar mu, karatun Warshu za ta ji a masallaci irin na makarantar allo, nama duk halal ne, in kuma 'yan Tijjaniyya ne ku, Fas tafiyar jirgin ƙasa ce. Amma waɗannan ba sa maye gurbin mutum. Ka tambaye ta me take tsoro ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsaya kan lallashi.

Ka kuma yi wa kanka tambayar da Baba yake nufi. In wuta da netwok ne kaɗai damuwar, maganinsu yana Kano: sola da inbata da batirin litiyam da za su riƙe kwamfuta, rauta, fanka da fitila, sai Starlink da ke aiki a Najeriya tun 2023, da layin waya na ko-ta-kwana. Duka ba za su kai kuɗin tikitin mutum uku da hayar wata uku a Tanja ba, kuma cikin mako biyu shugabanka zai daina ƙorafi. Wannan ka yi shi ko za ka tafi ko ba za ka tafi ba. In kuma bayan an gyara wutar ka ga har yanzu ranka yana can, to son ganin duniya ne, ba laifi ba ne, sai dai a kira shi da sunansa a gaban iyali.

In haka ne, ka tafi kai kaɗai tukuna, da izinin kamfani a rubuce da tikitin dawowa, na tsawon abin da bizarka ta ba ka. Royal Air Maroc na tashi daga Legas da Abuja zuwa Kasabalanka, daga can jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, ya kai ka Tanja cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ka zaɓi Janairu ko Fabrairu, lokacin da garin ya fi muni, ba lokacin da ake ɗaukar bidiyo ba. Ka kama gida na wata-wata, ka rubuta duk dirhamin da ya fita, ka je sashen baƙi da kanka ka karɓi jerin takardun da suke nema a wannan shekarar, ka kwana biyu a Rabat ka kwatanta. Kuɗin wannan gwaji daga albashi za su fito. In albashin bai iya ɗaukar gwajin mutum ɗaya ba, ba zai ɗauki zaman mutum uku ba. In ka dawo, ka ajiye littafin lissafin a gaban maiɗakinka da Baba, ku yanke tare, kuma kada iyali su taso sai kana da ajiyar wata shida a asusun dala da kuɗin tikitin dawowar ku uku a gefe.